Amsoshin Takardunku: An Ji wa Ɗana Rauni a Makarantar Kwana, Wa Zan Riƙe?

Barkanmu da sake saduwa a wannan fili da muke amsa takardun da kuke aiko mana, wanda kuma ake bugawa a wannan shafi saboda waɗanda shirin ya wuce su suna gona ko suna kan hanyar kasuwa.

Takardarmu ta farko ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Kiyawa. Ya roƙe mu mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya, har da sunan makarantar. Ya ce yana da yaro ɗan shekara 13 a aji biyu na wata makarantar kwana ta gwamnati. Wani ɗan aji shida, irin waɗanda yara ke kira siniya, ya aike shi ɗebo ruwa da dare bai je ba, shi ne ya same shi a ɗakin kwana ya doke shi da ƙotar fartanya, har hannu ya karye, haƙori ɗaya na gaba ya fita. Sai bayan kwana uku aka aiko masa. Da ya je, shugaban makaranta ya ce a yi haƙuri, sha'anin yara ne. Uban wancan yaro kuma ya zo har gida tare da mai unguwarsu, da goro da 'yan kuɗi, yana neman a bar magana. Malamin yana tambaya: shin doka ta ba shi wani haƙƙi? Kuma wa zai riƙe, yaron, ko ubansa, ko makarantar?

To Malam, da farko muna yi maka jaje, Allah ya ba yaro lafiya. Amsa kuwa ita ce, ƙwarai akwai haƙƙi, a dokar ƙasa da kuma a Shari'ar Musulunci. Amma fa tun daga nan ka riƙe abu guda. Haƙƙin nan na yaron ne, ba naka ba. Kai wakili ne kawai, domin shi bai kai ya tsaya wa kansa ba. Ko a kotu, da sunansa ake shigar da ƙara, kai kuma a rubuta ka a matsayin wanda ya tsaya masa. Duk abin da za mu faɗa a gaba, a kan wannan ya ginu.

Maganar sha'anin yara kuwa, bari mu kawar da ita tukuna. A watan Yulin 2025, a makarantar sakandaren kwana ta gwamnati da ke Bichi, nan Jihar Kano maƙwabciyarmu, ɗalibai biyu suka rasa rayukansu bayan dukan da aka ce 'yan'uwansu ɗalibai ne suka yi musu da sunan horo. Gwamnatin Kano ta ba da umarnin a yi bincike, 'yan sanda kuma suka kama ɗalibai 11. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi makarantar kwana suna ba da labarin wahalar siniyoyi suna dariya, har wasu su ce ai ita ce ta mai da su maza. Waɗanda ba ta mai da su maza ba, ba su nan balle su ba da nasu labarin.

Abu na farko da uba zai yi ba ofishin 'yan sanda ba ne, ba kuma ƙofar gidan uban wancan yaro ba. Asibiti ne. Mun san mutanenmu, da an ce karaya sai a nufi wurin mai ɗori, kuma ba mu raina aikin masu ɗori ba, akwai gwanaye a cikinsu. Sai dai mai ɗori ba ya yanka kati, ba ya ɗaukar hoton ƙashi, ba ya rubuta ranar da aka kawo yaro da irin raunin da ya gani. Alƙali kuwa, ko na majistare ko na Shari'a, abin da zai fara tambaya ke nan. Saboda haka a kai yaro babban asibitin da ya fi kusa, ko na Dutse, ko na Jahun, in abin ya yi tsanani a wuce asibitin Rasheed Shekoni ko asibitin tarayya na Birnin Kudu. A gaya wa likita gaskiyar abin da ya faru, dukansa aka yi, da abu kaza, ranar kaza, domin ya rubuta haka nan a kati. Kada a ce faɗuwa ya yi don jin kunya ko don rufa wa wani asiri, abin da aka rubuta ranar farko shi zai bi maganar har ƙarshenta. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai neman taimakon gaggawa bisa kowane dalili, watau ba sai an jira ɗan sanda ba kafin a duba yaro. Kowane rasit kuma, na magani, na hoto, na gado, a tara shi a leda guda a adana kamar yadda ake adana takardar gona. In akwai mai waya a gidan, a ɗauki hoton raunin tun bai warke ba.

Ga misalin da ya sa muke nanata wannan. A ƙarshen Nuwamban 2021 wani yaro ɗan shekara 12 da ke makarantar kwana ta Dowen College a Legas ya rasu, iyayensa suka ce manyan ɗalibai ne suka doke shi. Ƙasar nan duka ta ɗauka, gwamnatin Legas ta rufe makarantar na wani lokaci. Aka shafe fiye da shekara biyu ana bincike a gaban majistare mai binciken musabbabin mutuwa. A watan Afrilun 2024 ya yanke cewa ciwo ne ya kashe yaron, ya wanke makarantar da ɗaliban, ya kuma ɗora laifin sakaci a kan iyaye da likitan gidansu saboda jinkirin kai shi asibitin da ya dace. Iyalin ba su gamsu da hukuncin ba. Mu ba alƙalai ba ne a wannan magana, amma ka ga mutanen da ke da hali da manyan lauyoyi, kwanakin da yaro ya yi a gida su ne aka juya a kansu.

Yanzu sai dokar laifuka. Kundin Final Kod da jihohin Arewa suka gada tun 1960, wanda Jigawa ta taho da shi lokacin da aka cire ta daga Kano a 1991, ya raba rauni gida biyu. Akwai rauni na yau da kullum, akwai kuma mummunan rauni. Cikin abubuwan da ya lissafa a mummunan rauni akwai rasa gani ko ji, da lalata wata gaɓa, da ɓata fuska ɓaci na dindindin, da karaya ko gocewar ƙashi ko haƙori, da duk raunin da ya sa rai cikin haɗari ko ya hana mutum harkokinsa har kwana 20. Ka ga ke nan hannun ɗanka da haƙorinsa duk sun faɗa cikin babban gidan. Babban mutum da ya aikata haka da gangan, kundin ya tanadar masa ɗauri da zai iya kaiwa shekara bakwai, ya kuma ba alƙali ikon sa shi ya biya wanda ya cuta.

Wani zai ce ai siniyan nan firifet ne, makaranta ce ta ba shi ikon horo. To, kundin ya ambaci waɗanda aka yi wa rangwame wajen ladabtar da yaro, uba da mariƙi da malamin makaranta suna ciki, amma babu ɗan'uwansa ɗalibi. Su ma waɗanda aka ambata, an gindaya musu sharaɗi, kada horon ya kai ga mummunan rauni. Abin da ko shugaban makaranta ba shi da ikon yi, yaya za a ce ya ba ɗan aji shida aronsa?

Shekarun wanda ya yi dukan su ma abin dubawa ne. Yaron da bai kai shekara bakwai ba, doka ba ta ɗora masa laifi sam. Daga bakwai zuwa 12 sai an tabbatar yana da wayon sanin abin da ya aikata. Wanda ya haura haka ana iya tuhumarsa, sai dai in bai kai 18 ba, hanyar shari'arsa dabam ce da ta manya, an fi karkata ga gyaran hali, ba a kuma so a haɗa shi da manyan fursunoni. Wannan ita ce manufar dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003. Jihar Jigawa ma ta yi tata dokar kare yara, wadda Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa wa hannu a Disamban 2021, bayan dokar hana cin zarafin jama'a da ya sa wa hannu a farkon shekarar 2021. Saboda haka in burinka ka ga an jefa yaron nan kurkuku shekara da shekaru, da wuya ka samu. Mu a ganinmu ma ba shi ne abin nema ba. Ɗaurin ɗan wani ba ya biyan kuɗin ɗori.

Mu koma wajen Shari'ar Musulunci, tun da Jigawa na cikin jihohin da suka faɗaɗa aiki da ita a shekarar 2000, kuma in ɓangarorin biyu Musulmi ne ana iya kai magana kotun Shari'a. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke bi, abin da ake fara tambaya shi ne, wanda ya yi raunin ya balaga ko bai balaga ba? In bai balaga ba, ganganci da ya yi hukuncin kuskure ake ba shi, babu ƙisasi a kansa, sai diyya. Wannan yana cikin Risala, littafin da ɗalibai da yawa suka karanta a zaure. In diyyar ta kai sulusin cikakkiyar diyyar rai ko ta wuce, danginsa na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ke haɗuwa su biya. In ba ta kai ba, daga dukiyar yaron za a fitar, in ba shi da ita ta zauna bashi a kansa. Ga yadda lissafin yake. Cikakkiyar diyya raƙumi 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya. Ido ɗaya rabin diyya ne, watau ya wuce sulusi, sai dangi su ɗauka. Yatsa raƙumi 10. Haƙori raƙumi 5, watau kashi ɗaya cikin 20, bai kai sulusi ba. Raunin da ba a yanka masa adadi ba kuma, alƙali ne ke ƙiyasta shi gwargwadon nakasar da ya bari. Ba mu kawo adadin a naira ba, domin yana tafiya ne da farashin zinariya, kotu ce za ta faɗi na ranar.

Amma ɗan aji shida na sakandare, galibi baligi ne, wani har da gemu. Irin wannan Shari'a ba ta ɗauke shi yaro ba. Abin da ya yi da gangan a wuyansa yake, ba a wuyan dangi ba, kuma maganar ƙisasi tana iya tasowa. Sai dai ƙisasi aikin alƙali ne. Ba a ce yayyen yaro su tare wancan a hanyar tasha ranar hutu su rama ba. Wanda ya yi haka ya mai da kansa mai laifi, ya kuma ɓata wa ƙanensa shari'a.

Akwai ƙa'idoji biyu na malaman Malikiyya da muke so kowane uba ya sani, don su ne suka fi shafar goron da aka kawo maka. Ta farko, ba a yanke diyyar rauni sai ya warke, a ga abin da ya bari. Hannun nan yana iya ɗoruwa lafiya lau, yana kuma iya ƙagewa ya kasa riƙe fartanya ko alƙalami. Hatta haƙorin ƙaramin yaro da bai yi famfara ba, jira ake a ga ko zai sake tsirowa. Na ɗan shekara 13 kuwa, na gaba, ya tafi ke nan. Ta biyu, waliyyi yana aiki ne da maslahar yaro. Kana da ikon yafe ɓacin ranka, da kuɗin motar da ka kashe, da kwanakin da ka bar gona, wannan naka ne, yafewa kuma alheri ce. Amma diyyar jikin yaro dukiyarsa ce, ba ka da ikon kyautar da ita don kunyar mai unguwa, kamar yadda ba za ka kyautar da gonar da ya gada daga uwarsa ba.

Uban wanda ya yi dukan fa? A dokar ƙasa ba a kama uba saboda laifin ɗansa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana kama wani a madadin wani. Ko a ƙarar neman diyya, ba a cin uba don kawai shi ya haifi yaron, sai in shi ya zuga shi, ko ya ba shi makami, ko an sha gaya masa halin ɗansa ya yi biris alhali yana da ikon hanawa. Mutumin da ya taka har gidanka da goro, lalle ya nuna mutunci. Ka karɓe shi da mutunci, ka ce masa a jira likita ya gama.

Wanda mutane suka fi mantawa da shi, alhali shi ya kamata a fi riƙewa, shi ne makarantar. Ran da ka kai yaro da akwatinsa da bokitinsa ka juya, ka bar amana ne a hannun hukumar makaranta, dare da rana. Tun a 1893 wani alƙali a Ingila ya ce abin da ake nema ga malami shi ne ya kula da yara kamar yadda uba mai lura zai kula da nasa, kuma dokar sakaci da kotunanmu ke aiki da ita daga can aka gado ta. Ba wai duk abin da ya sami yaro a makaranta laifinta ba ne. Yara biyu su kaure da faɗa a filin ƙwallo cikin ƙiftawar ido, ko a gidanka hakan na faruwa. Abin da kotu ke dubawa shi ne, shin makaranta ta sani, ko ya kamata a ce ta sani, kuma me ta yi? Saboda haka ga tambayoyin da za ka nemi amsarsu. Wane malami ne ke kula da wannan ɗakin kwana, kuma ina yake a daren? An taɓa kai ƙarar wannan siniya a baya? Aiken ƙananan yara ɗebo ruwa da dare, sabon abu ne ko al'ada ce da kowa ya sani? Yaya aka yi ƙotar fartanya ta kwana a ɗakin yara? Sa'an nan babbar tambaya, me ya sa yaro ya kwana uku da karyayyen hannu ba a kai shi asibiti ba, ba a kuma aiko maka ba? Ko da makaranta ta wanke kanta daga dukan, wannan kwana ukun nata ne, ba na siniya ba.

Amsar waɗannan tambayoyi tana bakin yaran da ke kwana a ɗakin. Ka sami sunayensu tun yanzu, ka san garuruwansu, kafin a yi hutu kowa ya watse, kafin kuma a tara su a ja musu kunne.

Daga nan sai takarda. Mutanenmu sun saba da kai kuka da baki, a zauna a ofis, a sha ruwa, a ce in Allah ya yarda za a duba. Bayan wata biyu in ka koma, sai a ce ba a tuna an yi haka ba, ko ma a ce an yi wa shugaban canjin wurin aiki. Ka sa a rubuta maka takardar koke, ko da Hausa ce, da kwanan wata, da abin da ya faru, da abin da kake nema. A yi ta biyu, ka ba da ɗaya, a sa maka hannu da hatimi a kan ɗayar ka koma da ita gida. In an ƙi karɓa, ka je da shaidu biyu. In makarantar firamare ce ko ƙaramar sakandare, sama da shugabanta akwai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sama da shi akwai hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, watau SUBEB, a Dutse. In babbar sakandare ce, akwai ofishin ilimi na shiyya da ma'aikatar ilimi. Kada kuma ka raina ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin gudanar da makaranta na al'umma. Sau da yawa in uba ɗaya ya buɗe baki a taron, sai ka ji wasu uku sun ce su ma nasu haka aka yi musu.

A nan akwai wani tarko da ya kamata ka sani. Akwai dokar kare jami'an gwamnati, wadda ta ce mai son ya yi ƙarar jami'i ko hukumar gwamnati kan abin da ya shafi aikinsu, ya shigar cikin wata uku. Lauyoyin gwamnati kuwa da ita suke fara kare kansu, kuma ƙararraki masu yawa sun mutu a kanta tun ba a saurari shaida ko ɗaya ba. Akwai togaciya a cikinta da lauya zai iya kamawa, amma kada ka dogara da wannan. Wata uku kamar yau ne ga manomi, daga shuka zuwa yankan gero ke nan. Duk wanda ke ce maka dawo bayan salla, dawo bayan jarrabawa, ko ya sani ko bai sani ba, lokacinka yake ci. In makarantar kuɗi ce ta wani mutum, wannan wa'adi bai shafe ta ba, mai makarantar ake ƙara kai tsaye. A Afrilun 2024, da hoton bidiyo ya fito na wata ɗaliba tana shan mari a hannun 'yar'uwarta a makarantar Lead British da ke Abuja, an rufe makarantar kwana uku, iyalin yarinyar kuma suka shigar da ƙarar makarantar suna neman naira miliyan 500. Neman kuɗi dabam, samu dabam, amma ka lura da wanda suka kai ƙara.

Gaskiya kuma ba za mu ɓoye maka ba, shari'a da gwamnati a babbar kotu tana cin lokaci da kuɗin mota, kuma ko ka yi nasara, karɓo kuɗin wani aiki ne mai zaman kansa. Shi ya sa mafi yawan irin wannan magana a sulhu take ƙarewa, kuma ba laifi ba ne. Sai dai wanda ya zo zaman sulhu da katin asibiti da rasit da takardar koke mai hatimi, ba a yi masa magana irin wadda ake yi wa wanda ya zo da hawaye kawai. In za a yi sulhun, a yi shi bayan likita ya faɗi matsayin raunin, a gaban dagaci ko hakimi ko alƙali, a kuma rubuta. A faɗi wanda zai biya kuɗin magani na baya da na gaba, da abin da za a ba yaro, da ranar biya, da matakin da makaranta za ta ɗauka a kan wanda ya yi dukan. In yaron ba zai iya komawa can ba, a sa har da takardar canjin makaranta ba tare da ya maimaita aji ba. Kada ka dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta maka ba, kuma wanda zai karanta maka ya zama naka ne.

In ka zaɓi kai magana wurin 'yan sanda, kana da iko, kuma rahoton da aka rubuta a caji ofis shi ma shaida ne. Ka tafi da katin asibiti, ka tabbata kana wurin lokacin da za a ɗauki bayanin yaro. Wanda ba shi da kuɗin lauya kuwa, akwai hukumar ba da agajin lauya kyauta ta tarayya da aka kafa tun 1976, da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa da aka kafa a 1995, kuma ba a biyan ko kwabo don kai musu koke. In ka shiga Dutse ka tambayi ofisoshinsu, ko ka tambaya a ma'aikatar shari'a.

Abin da ba ma fata, in rai ya salwanta, maganar ta wuce a rufe ta a zaure. Ko magada sun yafe nasu, hukuma tana da nata haƙƙin. Mun san addini ya so a gaggauta jana'iza, amma a bari likitan gwamnati ya duba gawar ya rubuta abin da ya gani kafin a kai ta makwanci. Abin 'yan sa'o'i ne, in kuwa aka rufe babu wannan takarda, sai a wayi gari ana cewa zazzaɓi ne.

Takarda ta biyu gajeriya ce, kuma ta yi kama da ta farko. Wata baiwar Allah mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a kasuwar Shuwarin ta ce 'yarta tana makarantar jeka-ka-dawo, wasu 'yan ajinsu mata suna tare ta a hanyar gida, suna ƙwace mata kuɗin tara, suna yi mata waƙar tsiya saboda tana ɗingishi. Ba su ji mata ciwo ba, amma yarinya ta ƙi makaranta, kullum da safe sai ta ce cikinta ke ciwo. Tana tambaya ko tana da abin yi, tun da uban yarinyar ya rasu.

To Hajiya, kina da shi. Uwa tana da ikon kai koke a makaranta da ofishin ilimi da wurin hukuma kamar yadda uba yake da shi, ba sai kin nemo namiji ya shige miki gaba ba, ko da yake in kawunta ko baffanta zai raka ki, ƙarin ƙarfi ne. Kuma ba sai jini ya zuba ake kiran abu laifi ba. Ƙwace kuɗi da tsoratarwa laifi ne a doka, tsarin mulkin ƙasa na 1999 kuma, a sashe na 34, ya ba kowane mutum haƙƙin a kiyaye mutuncinsa, bai ce sai babba ba. Abin da ya faru a wajen shingen makaranta, da wuya kotu ta ci makaranta tara a kansa, amma tun da 'yan aji ɗaya ne, hedimasta yana da ikon kiran iyayensu, kuma da zarar kin sanar da shi a rubuce, nauyin sa ido a kansu a cikin makaranta ya hau kansa. Ki fara da shi da mai unguwa a wannan makon. Ciwon cikin nan kuma kada ki ce ƙarya take yi, tsoro yana sa shi. Ki sa wata babba ta riƙa raka ta tana kuma ɗauko ta har a daidaita, kada dai ki cire ta ki ɗora mata talla, domin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su bar yaro ya kammala firamare da ƙaramar sakandare.

Sauran takardun da suka iso mana daga Buji da Gwaram da Miga, a kan rikicin iyakar gona da jinginar fili, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.